Ka Ɗaga Wayar, Yaya Virgil

Kentucky,
Nuwamba, 2018

Zuwa ga yayana Virgil,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Wanda da sauran waɗanda suka rage a kwarin nan namu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Yaya Opal, kuma sanyin Wyoming bai fara cin gwiwoyinka ba. Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a kan ƙatuwar motar nan da kake tuƙawa, ya sa ka ajiye aiki da ƙafafunka. Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu kamar zamanin Mama. Na kira wayarka har na gaji, sai Yaya Opal ta ce ba ni kaɗai ba ce, wai wayar a aljihun mota take kwana, in ba lambarta ka gani ba ko kallo ba ta ishe ka ba. To, takarda dai ba a kashe ta. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, in ka gama ka jefa a murhu in ka ga dama.

Mu nan muna nan, mun gode Allah. Mijina Hershel yana fama da huhunsa, ƙurar kwal ta gama da shi, daga gado sai baranda, yana jan tulun iskar da yake shaƙa a baya. Bakin nan nasa ne kawai bai mutu ba. Jiya ma ya ce wakena ya yi gishiri, na ce ya tashi ya dafa nasa in gani. An gyara rufin coci, amma mu da muke zama a ƙarƙashinsa ba mu cika benci huɗu ba. Mun yi sharar makabarta da bazara kamar kullum, aka ci abinci a ƙarƙashin itatuwa, na sa furanni a kan Baba da Mama da ɗanka Lonnie. An tambaye ka, na ce aiki ne ya riƙe ka. Shekara bakwai ke nan ina faɗin haka, har mutane sun daina tambaya sosai.

Maganar ɗana Dewey ce ta sa na ɗauki biro. Tun da aka rufe ramin kwal bai sami abin kirki ba, yau yankan ciyawa, gobe sauke kaya a kanti, ga mata ga yara biyu. Ka san gidan yarin gwamnatin tarayya da aka gina a kan dutsen da suka fille wa kai? Suna ɗaukar gandirobobi, da albashi mai kyau da fansho da inshorar lafiya. Sai dai ba sa ɗaukar wanda ya cika shekara talatin da bakwai, shi kuwa a Maris zai cika. Wannan karon ne na ƙarshe. In bai samu ba, akwai wasu 'yan kwangila a bayan tudu da suka buɗe wani tsohon rami suna ciro ginshiƙan kwal ɗin da aka bari suna riƙe da rufi, sun ce ya zo bayan sabuwar shekara. Ba sai na faɗa maka wane irin aiki ne wannan ba, kai da bakinka ka sha cewa ko karenka ba za ka tura ba.

Bara ma ya nema. Da ka ga takardar tarihin aikin da ya tura, da ka yi dariya, ko kuma ka ce daidai ne, don duk halinku ɗaya. Rabin shafi. Wai ma'aikacin ramin kwal, shekara goma sha huɗu, ba ya makara, ba ya shan giya. Shi ke nan fa. Amsa ta dawo wai bai nuna ƙwarewar da ake bukata ba. Ya karanta, ya ninke, ya ce tunda sun ce bai iya ba ai sun fi shi sani. Na ce masa taurin kan nan naku na gado ne, namijin kwarin nan gara ka cire masa haƙori da ya ce na iya abu kaza. Baba ya mutu ba mu san ya taɓa samun lambar yabo a yaƙi ba sai da muka buɗe akwatinsa.

Bana sai na ja shi da kaina zuwa laburare, inda wata Madam Prewitt take taimaka wa masu neman aiki kyauta. 'Yar Ohio ce, ta yi ritaya daga ofishin gwamnati, aure ya kawo ta nan. Mace ce mai kirki, kada ka ga laifinta a abin da zan faɗa. Ta duba rabin shafin nan ta cire tabarau, ta ce ɗana, waɗanda za su karanta wannan ba su taɓa ganin rami ba kuma ba su san gaibu ba, abin da ba ka rubuta ba a wurinsu ba ka yi shi ba. Wai takardar aikin tarayya ba irin ta kanti ba ce, sai ka faɗi kowane aiki da watan da ka fara da wanda ka bari, da awa nawa a mako, da sunan shugabanka da lambarsa, da ko ka yarda a kira shi. Haka ta yi ta tatsarsa. Ashe shi ke auna iskar gas kafin a shiga, shi ke koya wa sababbi, yana da takardar agajin gaggawa, yana cikin 'yan ceto. Ni uwarsa rabin wannan ban sani ba. Duk wanda ta ciro sai ya ce ai wannan aiki ne kawai, kowa ma yana yi. Ta ce to kowa ya zo ya rubuta nasa, kai dai rubuta naka.

Sun kai shafi uku lafiya lau, har ya fara sakin jiki. Sai ta ce saura babban, wai abin da gidan yari ya fi nema shi ne mutumin da hankalinsa ba ya tashi in abu ya ɓaci, ko ya taɓa shiga wani hali na rai ko mutuwa da ya yanke shawara shi kaɗai? Tsofaffi biyu da ke karatun jarida a gefe suka sunkuyar da kai, don kowa a ɗakin ya sani sai ita. Dewey ya ce babu. Ka san ni, bakina ba ya ajiya. Na ce akwai, na faɗa mata a taƙaice. Baiwar Allah ta dafe ƙirji ta ba shi haƙuri, amma ta ce gaskiya wannan shi ne abin da zai raba takardarsa da ta sauran ɗaruruwa. Ya miƙe ya fita ya zauna a cikin a-kori-kura. Sai da muka iso gida na kashe mota ya ce, Mama, so kike in sayar da Lonnie in sayi yunifom? Na ce Lonnie ba ya bukatar shirunka, 'ya'yanka kuwa suna bukatar uba, kuma ni na gaji da kai furanni makabarta.

Na san tun ranar ba ka bari a yi zancen a gabanka, kuma ba kai kaɗai ba, haka muke a nan, wanda dutse ya ci sai dai a share kabarinsa, ba a maganar yadda aka yi. Yau zan yi, sau ɗaya. Da rufin ramin ya rufto, mutum biyu ya danne, Lonnie da Rufus Sizemore. Dewey ne kaɗai a kusa. Lonnie dutse ya kama shi daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba. Rufus ƙafa ce kawai ta maƙale, jini yana zuba, rufin kuma yana ci gaba da ƙara. Ya ja wanda zai jawu, ya ɗaure masa ƙafa, ya juya zai koma, sauran rufin ya sauko. Kai ne shugaban aikinsu a ranar, kuma kai ka koya musu wannan dokar da bakinka, cewa a fara da wanda za a iya fitarwa. Yaran nan tare suka tashi, a kwano ɗaya na ciyar da su. A wurin jana'iza Dewey ya miƙo maka hannu, ka kalli hannun ka wuce, bayan wata biyu ka kwashe iyalinka kuka tafi. Ban taɓa ce maka komai ba, don ɗanka ne, kuma ban san me zan yi ba da ni ce. Amma na ji haushinka, har yau ina ji, kuma ina kewarka duk da haka.

Bayan mako guda Dewey ya koma laburaren da kansa, ba tare da na ce masa ba. Madam Prewitt ta riga ta tsara masa jimla mai kyau irin ta gwamnati, wai ya nuna natsuwa a cikin haɗari ya ceto ran abokin aiki. Ya karanta, ya ce ta matsa masa, ya zauna gaban kwamfuta da yatsunsa biyu ya goge nata. Abin da ya rubuta shi ne: mutum biyu ne a ƙarƙashin dutsen, na fito da ɗaya. Ta ce ya cire rabin farko, ba a saka asara a takardar neman aiki. Ya ce in za a ambaci ranar to da Lonnie a ciki, in ba haka ba a bar ta gaba ɗaya. Ita ce ta ba ni labari da muka haɗu a kanti, ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa barin irin wannan layin ya wuce ba, amma ta kasa taɓa shi. Ya yarda ta ƙara bayanin abin da ya yi a ƙasa, layinsa dai yana nan a sama yadda ya rubuta.

Saura wurin sunan shugaba. Kamfanin ya karye, ofishinsu ciyawa ta cinye, manajan ya rasu shekara biyu da suka wuce. Duk duniya kai kaɗai ka rage da za ka ce Dewey ya yi waɗannan shekarun a ramin, kuma ka faɗi yadda ya yi su. Madam Prewitt ta ce yana iya cewa kada a kira ka, sai dai masu bincike ba sa son haka, musamman a kan aikin da ya fi daɗewa a ciki. Ni kuma, Allah ya sani, tsoron abin da za ka faɗa ya fi tsoron shirunka yawa a raina. Shi bai yi shawara da kowa ba, ya sa sunanka da lambarka, ya ce a kira. Da na tambaye shi ko ya san abin da ya yi, sai ya ce Kawu ne kaɗai yake da hakkin ya ce ko na cancanci a ba ni amanar rayukan mutane, in ya ce ban cancanta ba to gaskiyarsa ce, sai in koma inda na fito. Bai san ina rubuta maka ba, in ya ji zai daina cin abincina.

Takardar ta wuce matakin farko, sun kira shi sun yi masa tambayoyi, yanzu bincike ya rage. Cikin makonnin nan wata lamba da ba ka sani ba za ta kira ka. Za su kira sau ɗaya, wataƙila sau biyu, ba za su yi ta binka kamar ni ba. Ba na roƙon ka yafe masa, wannan tsakaninka da Ubangiji ne. Ba na roƙon ka yabe shi ko ka yi ƙarya, ba ka taɓa yi ba, ba kuma za ka fara don ni ba. Ka ciro wayar nan daga aljihun mota ka ajiye a aljihun rigarka, in ta yi ƙara ka ɗaga, ka faɗi abin da ka sani a matsayinka na shugaban aikinsa. Ka faɗa musu wa ya koya masa dokar.

Hershel yana gaishe ka, ya ce har yanzu bai ga mai kamun kifin da ya kai ka ƙarya ba. Shawna matar Dewey tana gaishe ku, da yaran. Ƙaramin ba ka taɓa ganinsa ba, sunansa Lonnie, kuma kunnuwan gidanmu ya kwaso duka. Rufus ma ya ce in gaishe ka, yana nan da ƙafarsa ta roba. Ka gaishe min da Yaya Opal sosai, da 'yarku Jolene da mijinta da jaririyarsu.

Ranar Lahadi na je gidan su Dewey kai musu burodin masara, na tarar da takalmansa na rami a baranda, ya ciro su daga sito ya shafa musu mai, ya sa sabuwar igiya. Dutsen nan ya ci naka, Yaya. Kada ka miƙa masa nawa.

Taka ƙanwa har kullum,
Wanda