Motar da Yaya ya duba ta waya

Daren Laraba, Fatakwal

Yau na je unguwar Trans-Amadi duba wata jif ta hannu da nake son saya. Da Yaya Bala bai koma Sakkwato ba, da shi zai raka ni. Na kira shi.

Ya ce, "Taɓa bonet. In da ɗumi, sun tayar da ita ne don su ɓoye ƙara." Da ɗumi kuwa. Na buɗe murfin baƙin mai, na ce masa ya yi fari kamar madara.

"Gasket ya ƙone, rabu da ita." Sai kuma ya ce, "Ruwan sama nake ji?"

Na ce eh, yanzu ya sauko.

"Kada ka kashe wayar tukuna, ƙanena, na yi kewar ƙarar ruwan nan."

Na tsaya riƙe da wayar har rigata ta jiƙe. Ga ta can na shanya a ƙusar da yake rataye tasa.