Rabin da Ban Shayar Ba

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jaririn da aka ce ya kwaso hancina. Allah ya ba shi haƙuri.

Na lura kin tambayi masararki ta bayan gida kafin ki tambaye ni. Ta tsiro. Sai dai dokar nan taki, wai kada a ba masara ruwa tana ƙarama, a bar ta ta ji ƙishi, ban same ta a littafi ko ɗaya ba, kuma kin san na duba. Don haka na raba filin biyu da igiyar shanya. Rabin jikin katanga na bar shi a kan dokarki. Rabin kusa da famfo kuwa ni nake shayar da shi safe da yamma da bokitin wanka. Nawa ya yi kore shar, ya fi naki tsayi. Maƙwabcinmu tela ya leƙo ta katanga, ya ce da bai san ni ba, da ya rantse manomi ne.

Akwai wata 'yar magana game da kwalbar iri, amma ba ta gaggawa ba ce.

Ki gaishe da surukinmu.

Naki,
Malam

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaisuwa. Ya jikin mai jego, ya ƙafar nan taki? Na yi sati biyar ban rubuto ba, ba don biro ya ƙare ba.

Ki zauna tukuna. Irin masarar da marigayiya mahaifiyarki ta bar miki, wanda kike shuka rabi ki ajiye rabi a kwalba, duka na shuka. Na auna ramuka da rula, suka fi irin da kika ware mini yawa, na ga bai kyautu rami ya zauna haka nan ba. Ko ƙwaya ban bari ba.

Sai ruwa ya ɗauke, kwana ashirin da huɗu. Famfo ma ya bi sahu. Cikin sati guda rabin da na shagwaɓa ya yi yaushi, ya kwanta. Naki kuwa da rana ganyensa ya naɗe kamar tabarma, da safe ya warware. Kullum nakan tsaya a bakin igiyar ina shirya yadda zan gaya miki na ƙarar da abin da ya rage miki na mahaifiyarki. Duk karatuna ban samu kalmar ba.

Da abin ya ishe ni, na ari fartanyar tela na tono ɗaya daga kowane ɓangare. Saiwar tawa a baje take a sama, ba ta wuce tsawon yatsa ba. Tana zaune tana jiran bokiti. Saiwar taki kuwa na bi ta har hannuna ya nutse zuwa gwiwa, ƙasar can da sanyinta, ban ga ƙarshenta ba. Ashe tun ina yi mata dariya ta tafi neman ruwa. Tela ya ce ya janye rantsuwarsa.

Ranar Talata aka yi ruwa, alhamdu lillahi. Rabinki ya fitar da gemu, ya yi goyo. Na zaɓi goma sha biyu mafi girma na ɗaure su da ƙyallen da tela ya ba ni, don kada in manta in gasa. Kwalba za ta cika har wuya. Na wanke ta, na kife.

Dokarki na rubuta ta a bangon babban littafin noma, da sunanki a ƙasa.

Saura ni. Shekara ashirin da bakwai kina shayar da ni safe da yamma, kin san inda saiwata ta tsaya. Ki yi ƙoƙari ki dawo kafin in kwanta kamar rabin famfo.

A shafa mini kan mai hancin.

Naki har kullum,
Malam