Ƙafafun Mama Elizabeth

Utako, Abuja

Yaya Fadima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya Inna da jiki, yaya yara? Allah ya sa damina ta yi albarka.

Ni lafiya lau nake, kada ku damu. Zazzaɓi ne ya ɗan kwantar da ni mako uku, kuma da na tashi sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Kada ki gaya wa Inna.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da doya kusa da teburina na turare, Mama Elizabeth. Ta haura saba'in, amma ko jinginawa ba ta yi idan za ta miƙe daga kujera 'yar tsuguno. Da ta ga ina dafa bango, sai ta ce, "Ɗana, ƙafa in ka bar shi, shi ma zai bar ka. Tashi!" Kullum da safe sai mun zauna mun tashi sau goma tare, tana ƙirgawa tana yi min dariya. Wallahi ni nake fara haki. Yanzu har gadar sama nake hawa.

Yaya, na tuna yadda muka hana Inna ko ɗaukar buta tun da ta faɗi bara. Tausayi ne, amma ina tsoron zaman nan ne yake cinye ta. Don Allah gobe ki riƙe hannunta ku taka zuwa gidan Goggo. Ko ta yi faɗa, ki ce ni na roƙa.

Allah ya bar mana ita.

Ƙaninki,
Zulkifilu