Kazata Ta Warke, Ɗana Bai Warke Ba

Zuwa ga Alhaji, mai mangazar ajiyar albasa ta bakin babbar hanya a Madawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukiya. Yaya kasuwa, yaya fama da jama'a? Allah ya sa albasar bana ta isa inda aka aika ta ba ta ruɓe ba.

Ni ce uwar Nomau ta Sabon Gida. Ba shi ne ɗan farina ba, don haka ina iya kiran sunansa a bainar jama'a ba kunya. In sunan bai tuna maka kowa ba, shi ne dogon nan mai wushirya da ke yi maka dako tun kafin ka sayi kamiyo na biyu na jigilar albasa. In ka ga rubutuna ya karkace ka yi haƙuri, sai da na yi jikoki na shiga ajin karatun manya. Na sha zuwa ƙofarka, kullum a ce ka tafi garin Tawa ko kana salla. Ban taɓa jin mai yawan nafila irinka ba, Allah ya karɓa. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, ko wani ya karanta maka in ka sallame.

Na farko, maganar katako.

Ka san buhun albasarku ba irin na kowa ba ne. A cika shi taf, a tula wata a sama, a ɗinka masa hula, har ya kusa kai tsawon mutum. Shi Nomau ke saɓawa a baya ya hau katako zuwa cikin kamiyo. Katakon nan ya tsage tun bara. 'Yan dako sun faɗa wa wakilinka Shaibu, ya sa aka naɗe shi da waya, ya ce ai katako ba ya karyewa sai ranar da aka rubuta masa. Gaskiyarsa ce. Ranar ta zo a tsakiyar bazarar nan, lokacin da ake lodi ba hutu, kuma ta zo ɗana yana kai. Ya faɗo, buhun ya biyo shi ya sauka a ƙwaurinsa na dama. An ce albasar ba ta yi komai ba, an tsince ta an mai da ita buhu. Na yi maka murna.

Na biyu, inda aka kai shi.

Daga mangazarka zuwa asibiti ko tsohuwa irina tana takawa da ƙafa. Amma Shaibu ya sa shi a mota ya wuce asibitin, sai gidan wani mai ɗori can wajen Allakaye. Ya ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Daga baya na gane abin da yake tsoro ba wuƙar lokotoron asibitin ba ce, alƙalaminsa ne, don lokotoro zai tambayi inda aka ji raunin, ya rubuta.

Ba ni da abin cewa a kan mai ɗori sai alheri. Dattijo ne, ya gaji sana'arsa, ya yi iyakar abin da ya sani. Kamar yadda ake yi tun zamanin kakanni, ya ce a kawo kaza. Aka aiko mini, na kama jar kazata, wadda ta fi duk sauran ƙwai, na kai da kaina. Ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta da karare kamar yadda ya ɗaure ta Nomau, ya tofa musu addu'a tare. Ya ce mu tafi da su gida, ranar da kaza ta taka, mai karaya ma ya kusa takawa. Ka lura, Alhaji, cewa ya yi ya kusa.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Jar kazar nan ba ta da kunya. Ina ba ta tsaba ina lallashinta ta kwanta, ita kuwa kafin wata ya mutu ta fara ɗingishi, kwana kaɗan sai ga ta a kan juji tana tono da ƙafa biyu. A ranar Shaibu ya zo dubiya, zuwansa na farko kenan. Ya kawo sukari da ganyen shayi, mun gode. Bai leƙa ɗakin da Nomau ke kwance ba, daga tsakar gida ya tambaye ni ina kazar. Na nuna masa. Ya tsaya ya dube ta da kyau, har ya buga ƙafa don ya ga gudunta, ita kuma ta nuna masa gwaninta, ta haye katanga. Nan take ya ce alhamdu lillahi, Nomau ya warke, ya fito aiki ranar kasuwa.

Yaron ya je, yana dogara sanda, don yana da mata da jaririya. Aka ɗora masa buhu mai hula a gaban mutane. Ko taku ɗaya bai yi ba ya durƙushe. Shaibu ya ce kowa ya shaida, kaza ta warke, mutum ne ya ga kwanciya da daɗi. Kafin la'asar an ba wani wurinsa, an ce wa Nomau ya je Allah ya ba shi wani aikin.

Ni dai ban yi lakwal ɗin boko ina yarinya ba, amma a iya sanina kaza ba ta ɗaukar albasa. In Shaibu ya nace ita ce shaidarsa, na yarda. Zan kawo ta Madawa, ya ɗora mata buhu ɗaya, ba sai mai hula ba. In ta hau katakon nan da shi, na janye maganata, kuma ka ɗauke ta aiki a madadin ɗana, a riƙa aiko mini kuɗinta duk mako.

Na huɗu, abin da lokotoro ya gani.

Na sai da akuyata na kai Nomau asibitin da aka wuce da shi. Aka ɗauki hoton ƙashi. Lokotoro ya ɗaga shi a haske ya nuna mini da yatsa: ƙafar a wuri biyu ta karye. Na sama ya haɗe, na ƙasa, kusa da idon sawu, ya kama a karkace, kuma buhun da aka ɗora masa ranar kasuwa ya sake buɗe shi. Kazata kuwa, Alhaji, wuri ɗaya aka karya ta. Ashe tun farko rabin jinyar aka ba ta.

Lokotoro ya ce in an gyara, an bar ƙafar ta huta, zai yi tafiya, zai yi aiki, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi sai bayan an sake dubawa. Malamar ajinmu ta raka ni ofishin sufeton aiki. Can aka gaya mini wanda ya ji rauni a bakin aiki ba a korarsa don raunin, jinyarsa tana wuyan mai aikin, kuma wajibi ne mai aikin ya kai rahoton abin da ya faru. Na tambayi ko dokar ta yi maganar kaza a wani wuri. Sufeton ya cire tabarau ya daɗe yana dariya, ya ce in shigar da ƙara. Na ce a'a tukuna, Alhaji mutumin kirki ne, ina kyautata zaton labarin bai kai masa ba.

To ga shi ya kai. Ga abin da nake roƙo.

Ka mai da Nomau aikinsa. Ba dako kaɗai ake yi a mangaza ba. Akwai ɗinkin hular buhu, akwai zaɓe ruɓaɓɓiya daga mai kyau, duk a zaune ake yi, kuma ba wanda ya fi shi sanin albasa a cikin yaranka. Ka ɗauki nauyin gyaran ƙafar a asibiti, ka kai rahoton da ya kamata a kai tun ranar. Ka sa a sauke katakon nan, don yaron da aka ba wurin ɗana shi ma yana da uwa. Shaibu kuma ba na roƙon a kore shi, ban iya yi wa wata uwar abin da aka yi mini ba. A dai hana shi duba marasa lafiya.

Na yi ta wasa a takardar nan don in na daina wasa kuka zan yi. Gaskiyar magana ita ce, tun da aka sallame shi Nomau ya fara zama da samarin da ke shirin tafiya arewa haƙar zinariya. Ya ce can ba a tambayar mutum lafiyar ƙafarsa. Na san ba a tambaya. Rami ne ake sauka da igiya, kuma waɗanda suka tafi daga unguwarmu da ƙafa biyu lafiyayyu ba duka suka komo ba. Ya riga ya sai da wayarsa don kuɗin mota.

Abu ɗaya ke riƙe da shi yanzu. Ba a wuce shingayen hanya ba katin ɗan ƙasa, ni kuwa na ɗauke nasa na ɓoye. Ba zan rubuta wurin ba, don shi ma za a karanta masa wannan. Ya birkice ɗakina, ya zazzage tukwanena, jiya na same shi yana kallon rumbu. Gidanmu ba shi da girma, Alhaji, wuraren da suka rage masa ba su da yawa. Ka aiko masa ya dawo aiki kafin ya gano.

Allah ya tsare maka ƙafafunka da na 'ya'yanka, ya kai kamiyoyinka lafiya ya dawo da su lafiya, ya sa ka gama da duniya ba haƙƙin kowa a kanka.

Wassalam.

Taka,
Uwar Nomau, Sabon Gida.