Motar Wasila da Fadamar Gazara

Gazara,
9 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Alhaji Ashafa, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar da aka ce yana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau.

A watan nan aka cika shekara arba'in da biyu da ranar da ni da kai muka je neman aiki a ofishin inshorar nan na Kaduna. Ni ne na ɗaya a ajinmu a Zariya, kai kuwa sai an duba can ƙasan takarda kafin a ga sunanka. Ni aka fara kira. Da na fito na cire takalmina na ba ka, saboda naka ya tsinke a tasha. Da takalmina ka shiga, kuma kai aka ɗauka, domin kawunka ya san manaja. Ni na dawo gida na ƙare ƙarfina ina koya wa 'yan firamare biyu sau biyu. Takalmin ma har yau ba ka dawo da shi ba.

Ba don wannan na rubuto ba, amma ban iya fara wasiƙa gare ka ba tare da na faɗa ba.

Maganar Wasila ce, autata. Ta gama makarantar kiwon lafiya, an tura ta wani ƙaramin asibiti kusa da Hunkuyi. Kullum a kan acaba take zuwa ta dawo. Watan jiya mai babur ya kayar da ita, har yanzu akwai tabo a haɓarta. Tun rasuwar mahaifiyarta ban ji tsoro irin na ranar ba. Saboda haka na sayar da fadamata ta rake, wadda na gada wurin mahaifina, ta haɗa da abin da ta kwasa a adashe, za mu sayi mota.

Motoci biyu ne a gabanmu. Akwai wata 'yar Kwatano mai sheƙi a Zariya, mai canja giya da kanta, ita Wasila ke so. Akwai kuma wata Golf a Ikara, ta wani tsohon ma'aikacin gona, wadda Sama'ila bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce injinta ƙalau, kuma duk abin da ya lalace a jikinta ana samunsa a Makarfi.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne inshora. Mutanen nan takardar da za a nuna wa 'yan sanda kawai suke saya. Ni na san waccan wanda ka buge take biya, ba ta biyan motarka. Wannan kuwa ba mota ba ce kawai, fadamar ubana ce aka sa wa ƙafa huɗu. Cikakkiya nake so. Ka gaya mini yadda ake yi, tunda da wannan ka ci abinci shekara talatin da biyar. Kada ka kira ni a waya, a takarda nake gane magana. Ka ba direban da ya kawo maka wannan amsa.

Ka gaida Hajiya.

Abokinka,
Ja'afaru Usmanu Gazara.


Gazara,
20 ga Afrilu, 2025.

Alhaji Ashafa,

Bayan gaisuwa da fatan an yi salla lafiya, na ga amsarka, na gode. Rubutunka bai gyaru ba.

Golf ɗin muka ɗauka. Wasila ta yi kwana biyu tana ɗaure fuska, sannan ta saya wa sitiyarin riga mai launin shuɗi, na san ta haƙura.

Ka ce in rubuta gaskiya a fom: sunan Wasila, shekarunta, da cewa ita za ta riƙa tuƙi kullum, in kuma za ta ɗauki mutane a ba ta wani abu, in faɗa. Ka ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaskiya, kamar ni ne ɗalibin. Na je Zariya wurin wakilin wani kamfani. Da ya ji shekarunta ashirin da huɗu, lasisinta kuma wata huɗu, sai ya danna na'urarsa ya faɗi kuɗin da ya sa na nemi kujera. Ya ce yaran direbobi su ne masu faɗawa rami, dole nasu ya fi tsada. Ya ce da a ce dattijo ne kamar ni, da abin ya sauko sosai.

Na karɓi fom ɗin na ce zan cika da kaina. Ka san hannuna. Na rubuta ni ne mai mota, ni ne mai yawan tuƙa ta, 'yata kan taɓa wani lokaci, kuma motar ta hidimar gida ce kawai. Ina da lasisi tun 1984, ina sabunta shi don kada a ce ba ni da shi, ko da yake rabona da riƙe sitiyari tun kana da gashi a ka. Wakilin ya duba ya ce bai taɓa ganin fom mai tsabta haka ba. Ashafa, ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin maganar har na isa gida.

Wasila ba ta sani ba. Tun tana ƙarama ni ke cika mata kowace takarda, ba ta ko tambaya. Na miƙa mata takardar inshorar, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," ta sa a aljihun mota.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Ka daɗe a birni, wataƙila ka manta. A nan mace mai mota ba ta wuce mace a bakin hanya. Kowace safiya sai ka ga masu zuwa awon ciki da tsofaffi masu zuwa kasuwa sun tsaya a ƙofar gidana, sun fi son shiga motar 'yarsu da a matse su a kan babur. Babbarsu ita ce Inna Zulaihatu, maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, wadda ta yi wa uwar Wasila wankan jego, wato tun ranar haihuwarta ta san ta. Kuma ba mai sauka sai ta cusa wani abu a gaban mota ta ce kuɗin mai ne. In Wasila ta ƙi, Inna ta ce, "Ke, ni kika mayar 'yar maula? Ungo nan kafin in saɓa miki."

Na ce wa Wasila ta daina ɗaukarsu. Ta dube ni ta ce, "Baba, mai ciki wata takwas zan bari a rana? Saboda me?" Na ce taya ce nake tausayi.

Kullum bayan la'asar ina zaune a dakali ina sauraron ƙarar mota. In ta yi jinkirin minti goma sai in tashi in fita bakin hanya ina leƙe. Ka gaya mini, da gaske suna bincike har haka? Ko dai tsoratar da mutane kuke yi?

Naka,
Ja'afaru.


Gazara,
27 ga Agusta, 2025.

Ashafa,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Abin ya faru shekaranjiya da safe, ana yayyafi. Wani mai babur ɗauke da buhunan barkono ya faɗo mata daga cikin gona, ta kauce masa, motar ta zame ta daki kwalbati ta kife a rami. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba. Wasila ta ƙuje a goshi, Inna Zulaihatu ta karye a hannu, matan biyu da ke baya ko ƙwarzane babu. Ita Wasila da jini a fuskarta ta ɗaure wa Inna hannu kafin mutane su iso.

Motar kuwa, Sama'ila ya zagaya ta sau biyu, ya cire hularsa.

Wasila ce ke ba ni haƙuri. Ta ce, "Baba, kada ka damu, ai ka yi mana cikakkiya. Mutane suna ta dariyar kuɗin da ka kashe, yau ga ranarta." Na ce haka ne.

Kamfanin ya ce zai turo mai bincike ranar Litinin, zai ga motar, zai kuma gana da waɗanda ke ciki. Jiya na tafi gidan Inna Zulaihatu da niyyar in roƙe ta, in an tambaye ta ta ce ita baƙuwa ce aka rage wa hanya, ba ta ba da ko kwabo ba. Na same ta a tabarma da hannu a ɗaure da karare. Ta sa aka dama mini fura, ta yi ta sa wa Wasila albarka, ta ce duk Gazara ba wanda ya yi tarbiyya irin tawa. Na shanye furar, na yi mata sannu, na fito. Yaya zan ce wa tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta yi ƙarya saboda ni?

Shekara arba'in da biyu ban roƙe ka komai ba. In ka san wani a kamfanin nan, ka yi magana. Kawunka ya yi maka, kai ma ka yi mini sau ɗaya.

Ina jiran amsa da direban gobe.

Ja'afaru.


Gazara,
14 ga Disamba, 2025.

Zuwa ga abokina Ashafa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da dukan iyali. Yaya gwiwa? Na ga wasiƙunka uku, ban amsa ba. Na san ka je ofishinsu da ƙafarka har sau biyu, da wannan gwiwar taka, aka ce maka ba abin da za a iya yi. Na gode. Ba ka kuma rubuta mini cewa ai ka faɗa ba, na lura da wannan ma.

Ka tambayi yadda aka yi. Mai binciken yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. A zaurena aka zauna, Wasila na gefe. Ya tambayi Inna Zulaihatu ko Malam ne ya saba kai su Hunkuyi. Ta yi dariya har ta riƙe hannunta mai ciwo. Ta ce, "Wane Malam? Malam Ja'afaru? Ɗan nan, ko keke ban taɓa ganinsa a kai ba. 'Yata ce ke jan mu kullum, kuma ta fi maza iyawa." Ya ce to kyauta take ɗaukarsu ke nan. Nan Inna ta gyara zama. Ta ce, "Kyauta? Ka dube ni da kyau. Ban taɓa shiga motar nan ban biya kuɗin mai ba, har na kwandona nake biya. Rubuta, kada a ce Zulaihatu ta ci haƙƙin marainiya."

Ya rubuta. Tana ganin taimakonmu take yi, har ta juyo ta kashe mini ido.

Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da fom ɗin, ya tambaya ko wannan rubutuna ne. Wasila ta miƙa hannu ta karɓa. Ta karanta daga sama har ƙasa, a hankali, yadda na koya mata, ta mayar masa. Ba ta dube ni ba.

Bayan sati uku takardarsu ta zo. Sun ce abin da aka rubuta ba shi ne abin da ake yi da motar ba, don haka ba su biyan komai. Na nemi kuskure ko ɗaya a Turancinsu ban samu ba.

Wasila ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini abinci. Ta koma hawa acaba, ni kuma na koma dakali bayan la'asar. Makon jiya an ba su wani fom a wurin aiki, na gan ta a tsakar gida ta ɗora shi a gwiwa tana cikawa da kanta. Bironta ya ƙi yi. Nawa yana aljihun gaban rigata, tana ganinsa. Ta tashi ta tafi maƙwabta ta aro.

Kada ka sake aiko mini da takalmi. Waɗanda ka aiko sun yi mini yawa, kuma ba inda nake zuwa.

Sama'ila ya sayar da abin da ya rage na motar wa masu kayan gyara a Zariya. Wanda ya sayi fadamar ya fara saran rake shekaranjiya, ya kafa injin matsewa a bakin rafi, ƙamshin mazarƙwaila yana shigowa har ɗakina. Bana raken ya yi kyau. Kadada ɗaya da rabi ce, Ashafa, da rijiya biyu da mangwaron da mahaifina ya dasa.

Wassalam.

Abokinka,
Ja'afaru Usmanu Gazara.