Makwakkwafi da Shaidu Biyu

Talata, 4 ga Maris

Na gan shi. Makwakkwafi, tsuntsun nan mai huda itace da baki, amma ba koren da muka saba gani ba. Wannan mai farin baya ne, da ja a ƙeya. Ƙarfe bakwai da kwata, a busasshiyar bishiyar da ke ƙarshen tafki, daura da benci na uku. Na kafa masa madubin hange. Na waiwaya in ce "ka gani?", babu kowa sai kwandon shara.

Laraba, 5 ga Maris

Yana nan. Shekara arba'in ina aikin kafinta, ban taɓa fafe rami mai tsabtar nasa ba, kuma shi ko awo ba ya yi. Ya buga, ya karkata kai ya saurara, ya matsa gaba kaɗan. Haka ni ma nake gane inda gara ta ci katako.

Na dawo na dafa shayi kofi ɗaya. Tun rasuwar mai ɗakina gidan nan ya yi min yawa.

Juma'a, 7 ga Maris

Dokar ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye: baƙon tsuntsu ba ya shiga littafi sai da hoto, ko shaidu biyu 'yan ƙungiya. Wayata ta ɗauko min reshe da wani ɗigo kamar ƙuda a labule. Sauran 'yan ƙungiya duk ma'aikata ne, sai ƙarshen wata suke fita. Saura mutum ɗaya.

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Lissafi muke ce masa, tsohon malamin makaranta ne. Shekara goma sha tara muna zagaya tafkin nan tare duk Asabar. Shekara huɗu da suka wuce na ga irin tsuntsun nan, shi kuwa yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi, bugun kawai ya ji. Ranar taro na miƙa masa takarda ya sa hannu, ya ce, "Kafinta, gani ya kori ji. Ni ban gani ba." A gaban mutane. Na ce ya mai da ni maƙaryaci, na ɗauki hulata na fita. Ya zo min ta'aziyya bayan wata uku, na amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo. Rabona da shi ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban kira ba. In ya zo ya gani ai ni ke da nasara. To me ya hana ni?

Litinin, 10 ga Maris

Ruwa wuni zubur. Ban yi magana da kowa ba yau, sai da na yi tari na ji muryata.

Talata, 11 ga Maris

Minti goma kacal tsuntsun ya yi yau ya tashi. Baƙo ne, ba zai zauna jiran girman kaina ba. Na kira.

'Yarsa ce ta ɗauka. Ta gaishe ni da Baba kamar da, ta yi min ƙorafin na guje su. Na faɗi abin da ya sa na kira. Ta ce ai idonsa ya tafi, shekara biyu ke nan, haske da duhu kawai yake bambantawa.

Shekara biyu. Ina nan ina cika ina batsewa, ina jiran ya tako ya ba ni haƙuri, ashe mutumin ko ƙofar gidansa sai an riƙe masa hannu. Kunya ta kama ni, na so in kashe wayar. Sai na jiyo shi daga nesa yana tambaya a wace bishiya.

Alhamis, 13 ga Maris

'Yarsa ta ajiye shi a bakin ƙofar shiga wajen tafkin ta wuce aiki. Ya rame. Ya kama gwiwar hannuna ba tare da ya nemi izini ba, ya ce har yanzu warin katako nake. Na ce shi ma bakinsa bai tsufa ba. Iyakar gaisuwarmu ke nan.

Kusan awa guda muna zaune. Na fara fargabar tsuntsun zai kunyata ni karo na biyu. Can sai Lissafi ya ɗaga yatsa, tun kafin ni in ji. Ya ce bugun gajere ne, yana sanyi a ƙarshe, sak irin na wancan karon.

"Faɗa min abin da kake gani."

Na faɗa. Farin bayan, jan ƙeyar, yadda yake tokare jela a jikin itace, garin katakon da ke zuba. Yana ta tambaya kamar yana aji: fika-fikan fa, ɗigo ne ko zane? Ban taɓa kallon tsuntsu da kyau irin na yau ba.

Da tsuntsun ya tashi, Lissafi ya ce, "Ka zo da takardar?"

"Tana aljihuna."

"Ka san ba zan sa hannu ba."

"Na sani."

"Amma na yarda ka gan shi. Wancan karon ma na yarda, ba ka tsaya ka ji ba ne."

Na daɗe ina goge madubin hange da bakin rigata, alhali ba abin da ya same shi.

Asabar, 15 ga Maris

Ya tafi. Na zauna har rana ta take, ramuka kawai ya bar min. Ba zai shiga littafi ba. Na zaci abin zai ci min rai fiye da haka.

Da yamma Lissafi ya kira, wai ranar nan ya ji wani kuka a cikin ciyawar bakin ruwa da ya kasa ganewa, yana bukatar ido. Na ce zan biya in ɗauke shi Asabar mai zuwa, tunda gidansa a kan hanyata yake.

Ba a kan hanya yake ba. Mota biyu zan hau.