Mun Shanye Takardunka, Yaya

Zuwa ga yayana, Dakta Lawal, a ƙasar Turai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ni ne ƙanenka Sada, malamin firamare a Ƙanƙara. Inna tana gaishe ka, mutanen gida na Faskari duk suna gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin sunanka a jarida. Wasiƙa uku na aika maka tun bazara, ko layi ɗaya ban gani ba. Kai da bakinka ka taɓa cewa duk ɗalibin da ya zo daga gida sai ka ƙwace jaridar da ke hannunsa ka karance ta tas. To ga ni a ciki. Masu karatu su yi mini afuwa, maganar gida ce ta fito waje, kuma ba da son raina ba.

Dije ba ta da lafiya, Yaya. Ƙanwarmu, autar Inna, da ke aure a Sabuwa. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, idonta na dama ya dushe, kuma na hagun ya fara bi. Ina tsoron ciwon da kake rubutu a kansa ne. Abin da ya hana ni zama ke nan, sauran duk bayani ne.

Ka tuna takardarka ta farko da ka aiko? Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi ce, kowane malami ya sayi babur, ni ma na saya. Ambulan mai ruwan ƙasa, ciki shafuka kaɗan da ƙananan baƙaƙe, ga sunanka da sunan Baba a sama cikin sunayen Turawa. Wallahi ranar ban koyar da komai ba. Na cusa ta a aljihu na nufi Faskari, na tsaya a Sheme wajen masu tsire, na nuna wa wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba.

A wasiƙar da ta zo tare da ita ka bayyana mini ciwon. Ka ce kuna kiransa da haruffa biyu, Em-Es. Ka ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki suna da riga kamar wayar lantarki, ciwon kuwa rigar yake ci, sai saƙo ya riƙa ɓacewa a hanya. Ka ce ciwon ƙasashen sanyi ne, da wuya a gan shi a wurinmu.

Ka kuma koya mini yadda ake auna malami a wurinku. Mu nan yawan ɗalibai muke dubawa, ku kuwa sai a duba sau nawa wasu likitoci suka ambaci sunan mutum a ƙarshen nasu takardun. Ka ce kati yana zuwa maka daga ƙasashen da sai na buɗe taswira na gane su, kowa yana roƙon ka aika masa kwafi. Takarda ta biyu ta zo, ta uku ta zo, suka yi ta zuwa, kowace da labarin waɗanda suka ambace ka. Ni ke fassara wa Inna, har da ƙarin gishiri, ba zan ɓoye ba. Takan ce, "Ashe wanga yaro har a Turai ana kiran sunanshi." Ta naɗe takardun a farin ƙyalle ta sa a ƙasan adaka, ko ni sai na wanke hannu take ba ni.

Bazarar bara abin ya fara. Dije tana dama fura ludayi ya suɓuce mata, ta ɗauka, ya sake suɓucewa. Ta ce tafin ƙafarta kamar tana taka auduga, idonta na dama kuma yana hazo. Da rana ta take sai ƙafar hagu ta riƙa jan ƙasa, da yamma ta ɗan saki. Dangin mijinta suka ce iska ce. Wanzami ya yi mata ƙaho, wani tsohon Bamaguje maƙwabcinsu ya kawo saiwoyi, Allah ya saka masa. Muka kai ta asibiti, likitan ya duba ta da kyau, ya faɗi gaskiya cewa wannan sai masanin jijiya, kuma irinsu ba su da yawa a ƙasar nan. Da wane baki zan ce masa muna da ɗaya, yana can yana duba Turawa?

Na koma gida na karɓi takardunka, na zauna da ƙamus a gindin darbejiya. Kalma ɗaya sai na duba ta sau uku. Amma da na kai inda ka jera yadda ciwon yake farawa, ban ƙara buƙatar ƙamus ba, Dije kawai nake gani a shafin. Nan na tafka kuskuren. Maimakon in kama bakina, sai na ce wa Inna ai ciwon Dije ne Yaya ya rubuta a nan.

Ka san Inna. Tun muna yara, in kanka ya yi ciwo, allo za a kai wa Malam ya rubuta, a wanke, ka sha. A wurinta rubutun da aka yi a kan ciwo maganin ciwon ne, balle wanda likitocin duniya suke ta ambato. Sati na zagayowa na tarar da ita a Sabuwa, takardarka ta farko tana cikin ƙwarya a jiƙe. Ta yi ta cuɗa, tawadar ta ƙi fita. Ta ce, "Tawadar Nasara taurin kai gare ta, kamar mai rubutun." Da ta ga haka sai ta kirɓa takardar a turmi, ta tace da tsumma, ta zuba a kunu. Dije ta yi bisimilla ta shanye.

Na so in yi magana. Na buɗe baki na ga fuskar Inna, na rufe.

Abin da ya ƙara rikita lamarin, Yaya, kafin a yi shuka Dije ta miƙe. Idon ya washe, ƙafar ta saki, har daka ta koma yi. Ni kaɗai na san cewa kai ka rubuta haka ciwon yake, ya tafi kamar an yi sallama, ya dawo ba sallama. Na sani, na yi gum, domin ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin wannan ba tun rasuwar Baba.

Labari kuwa ya bazu. Mai shanyewar ɓarin jiki ya aiko daga Sheme, mai ciwon baya ya aiko daga ƙauyukan Sabuwa, har wani da saniya ta taka. Inna ba ta iya hana mai roƙo. Da reza take yanka musu, ɗan yatsa-ɗan yatsa, tana cewa a sha da kunu mai ɗumi. Ina dalili! Kai kana can kana ƙirga masu ambatonka, mu nan muna shan ka da ludayi. In ana sa irin wannan a lissafinku, ka gaya musu su ƙara, ka fi kowa. Kafin kaka ƙyallen nan ya koma wayam.

Bana da zafi ya shigo ciwon ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfinsa. Yanzu sai an kama ta ake kai ta bayan gida. 'Ya'yanta uku, da murya take rarrabe su in sun shigo daga dama. Mijinta Malam Audu mutumin kirki ne, ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, amma shi ma ya rasa inda zai sa kansa.

Ni kuwa na zama ɗan hanya. Juma'a in an tashi makaranta in hau babur zuwa Faskari, Asabar in ɗauki Inna ko saƙonta zuwa Sabuwa, Lahadi in juyo. Damina ta ɓata hanya, sau biyu ina faɗuwa a taɓo. A aji ina rubutu a allo sai in manta abin da na fara. Abinci ba ya mini daɗi. Na shiga gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga ƙofa.

Ina jin haushinka, Yaya, gara in faɗa. Na san aiki ya yi maka yawa, na san wataƙila wasiƙun ba su isa ba, na ba ka uzuri har uzurin ya ƙare mini. Ban ce ka yi laifi da ka yi karatu ba, ni ne na fi kowa taƙama da kai. Ban kuma ce lallai ciwon ne ba, ni malamin aji huɗu ne, me na sani? Ka ce da wuya a gan shi a wurinmu. To wa ya zo ya duba mu? Kai ne mai idon ganewa. Ko ba shi da magani, ka zo ka taɓa ƙafar nan da hannunka, ka gaya mana sunan abin da ke damunta da abin da za mu daina yi mata. Jiya ma an kawo maganar a yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi, da ƙyar na hana, kuma ban san ko zan iya hanawa karo na biyu ba.

Ita fa ba ta taɓa kuka da kai ba. Yarinyar nan ce da kake ɗorawa a wuya in za mu ƙetare rafi zuwa gona, tana riƙe da kunnuwanka tana ce maka doki. Kai ka koya mata rubuta sunanta da tsinke a ƙasa. Har yau in an ambace ka sai ta gyara zama.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na kasa jiran gidan waya. Inna ta matsa mini in rubuto ka aiko da wata takardar, kullum sai ta tambaya ko ta iso. Ranar Asabar da ta wuce na gaji da cewa ba ta zo ba. Na yagi shafi biyu daga littafin Turancin da nake koyar da yara, na sa a tsohon ambulanka, na miƙa mata na ce ga saƙon Yaya. Ta kirɓa, ta tace, ta dama. Ni na riƙe wa Dije kofin, domin hannunta ba ya riƙewa. Ta shanye, ta lalubo hannuna ta damƙe, ta ce, "Na gaya muku Yaya bai manta da ni ba."

Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba sai ranar, kuma ba zan iya ta biyu ba. Kada ka aiko da takarda. Ka taho.

Allah ya sa wannan ta faɗa hannunka. Allah ya ƙara wa iliminka albarka, ya sa mu ma mu ci moriyarsa. Allah ya ba Dije lafiya, ya bar mata idon da ya rage har ta gan ka da shi. Ya yafe mini abin da na yi, ya kawo ka gida lafiya. Amin.

Wassalam.

Ƙanenka mai jiranka,
Sada, Ƙanƙara.